Wata zuciyar ta ce

A shekarata ta farko ina aikin ba da shawara ga mutanen da rikici ya raba da gidajensu, ba maganar da na fi maimaitawa kamar "ba laifinki ba ne." Da zuciya ɗaya nake faɗa, kuma gaskiya ce. Sai dai ban taɓa ganin wadda ta samu barci saboda na faɗa mata haka ba.

Akwai wata dattijuwa da ba na mantawa da ita. Daren da aka afka wa ƙauyensu, ta goya ƙaramin jikanta ta yi daji, babban kuma, ɗan shekara bakwai, hannunsa ya suɓuce daga nata a cikin turmutsutsu. Har yau shiru. In ta zo sai ta rakuɓe a gefen tabarma, tana murza bakin mayafinta har ya koma kamar igiya. In ce, "Mama, ba laifinki ba ne." Ta ce, "Na sani, 'yata." Mako ya zagayo ta dawo da zancenta na kullum: "Wata zuciyar ta ce min ƙaddara ce, wata zuciyar kuma ta ce ke kika sake shi."

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin salon magana kawai, tunda duk Bahaushe haka yake cewa, ko a kan cinikin akuya ne. Ban san cewa bakin zaren take miƙo min ba, sai da na karanta aikin Richard Schwartz, wani Ba'amurke masanin sasanta matsalolin iyali. A shekarun 1980, a Shikago, yana kula da masu larurar cin abinci ba ƙaƙƙautawa sannan su ƙaƙalo amai, sai ya lura suna ta cewa "wani sashe nawa yana so, wani ba ya so." Maimakon ya yi musu gyara, sai ya fara tambayar sassan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake zaman sulhu da mutanen gida guda. Daga nan hanyar da ake kira IFS ta samo asali, wato kallon cikin mutum a matsayin iyali.

A bayaninsa, akwai sassan da suka ɗauki ciwon, aka kulle su a ƙuryar ɗaki don kada a ji kukansu. Akwai masu gadin ƙofar, waɗanda ke tafiyar da rayuwar yau da kullum da tsanani, da faɗa, da yawan aiki. Akwai kuma 'yan kwana-kwana, masu rugowa in ciwon ya ɓalle su kashe wutar da duk abin da suka samu. Da na karanta wannan sai na tuna samarin da ke zuwa mana idanunsu jajir saboda tiramadol. Ba na ce shan ƙwaya daidai ne ba, amma tun daga lokacin na daina fara hira da su da wa'azi.

Dole in faɗi wani abu a nan, don an sha yi min tambayar: wannan ba zancen aljanu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba ne. Mai lafiya garau ma yana da zuciya fiye da ɗaya. Malamanmu sun daɗe suna karantar da nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna, kuma lawwama, mai yawan zargin kanta, Allah Ya rantse da ita a Suratul Ƙiyama. Ba abu ɗaya ba ne da bayanin Schwartz, amma da wannan misalin tsofaffi suka fi saurin gane ni.

Rannan da dattijuwar ta sake kawo zancen, na haɗiye "ba laifinki ba ne" ɗina. Na ce, "Mama, wannan zuciyar mai zarginki, in da za ta yi shiru, me take tsoron zai faru?" Ta yi jim har na ɗauka na yi katoɓara. Can ta ce, "In ta yi shiru, zan manta da shi. Uwarsa ta rasu, ubansa ya rasu. In na manta, wa ya rage?"

Wata huɗu ina faɗa da mai gadi, ashe amanar yaron yake riƙe.

Ba kullum nake dacewa haka ba. Kafin nan na taɓa matsa wa wata matashiya ta ba ni labarin abin da ya same ta tun zaman farko, a tunanina amayar da shi ne magani. Ta faɗa tana rawar jiki, ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Ƙa'idar wannan hanya ita ce ba a shiga ƙuryar ɗaki sai masu gadi sun yarda, ni kuwa na haura katanga. Kuma kada wani ya ɗauka IFS ta fi kowace hanya. Binciken da aka yi a kanta bai kai na hanyar gyaran tunani da ɗabi'a ba, ko ta EMDR mai amfani da motsin ido, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su tun 2013. Wanda ya kai ga tunanin halaka kansa kuwa, asibiti muke tura shi, ba a tsaya hira.

Kuskuren da na yi wa matashiyar nan ya ci ni watanni. Ina koya wa mutane tausaya wa kansu da rana, da dare ina yi wa kaina tatas. Kristin Neff, malama a Jami'ar Texas da ta fitar da ma'aunin tausayin kai a 2003, ta kasa shi uku: ka yi wa kanka magana mai taushi, ka tuna ba kai kaɗai ke kuskure ba, ka kalli ciwon yadda yake, ba ƙari ba ragi. Na haddace su tsaf, aikatawa ce ta gagare ni, domin mu an raine mu a kan "yi haƙuri", kuma sau da yawa abin da ake nufi shi ne "yi shiru". Wata yayata ce ta tuna min hadisin Salmanu da Abu Darda'i, cewa ranka ma yana da haƙƙi a kanka. A makon na karɓi hutun da na shekara biyu ban nema ba.

Dattijuwar ba ta daina jin muryar ba. Abin da suka daidaita a kai, ita da zuciyar tata, shi ne duk daren Juma'a za ta kwashe malmalar tuwo guda da sunan yaron ta ba almajiri. Zuwanta na ƙarshe ta ce min har yanzu takan tashe ta cikin dare, amma in ta ce mata "na ji, ban manta ba," sai ta ƙyale ta ta koma barci har asuba.