Tambaya ɗaya da likita ya yi wa Inna

Yau na raka Inna asibiti kan ciwon kafaɗu da ƙugu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kullum da safe jikinta a sanƙare yake, ko hannu ba ta iya ɗagawa sama, kowa na cewa tsufa ne. Likita yana cikin rubutu sai ya ɗago ya ce, "Mama, in kina tauna, muƙamuƙinki yana gajiya?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce e, kuma ko mataji ba ta iya sa wa kanta saboda zafi. Nan take ya ajiye biro. Ya taɓa jijiyar gefen goshinta, sai ta zabura ta riƙe hannunsa. Gabana ya faɗi.

Ya ce ciwon kafaɗun nan, polimiyaljiya rumatika, yana kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma wani lokaci yakan zo tare da kumburin jijiyar jini ta gefen kai, wanda kan iya makantar da mutum farat ɗaya, ganin kuma ba ya dawowa. An ɗebi jininta don gwajin ESR da CRP, masu nuna ko akwai kumburi a jiki, za a kuma yanko ɗan guntun jijiyar a duba. Amma bai jira sakamako ba, yau ɗin nan ya ɗora ta kan maganin rage kumburi, prednisolone, mai yawa, wanda za a riƙa ragewa sannu a hankali, wataƙila fiye da shekara. Allah Ya ba ta lafiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Inna ta daɗe da ciwon kan nan, ba ta ɗauka yana da alaƙa da idonta ba.