Godiyar masu karatun Ishiriniya bayan saukar bana

Assalamu alaikum. Cikin ikon Allah mun sauke Ishiriniya, littafin waƙoƙin yabon Annabi (SAW), daren 12 ga Rabi'ul Awwal a ƙofar masallacin garinmu, kamar yadda muka taras ana yi. Mu da aka ɗora wa kula da wannan majalisi muna godiya ga Uban ƙasa da Maigari da Liman, da 'yan uwa da suka taso daga birnin Sakkwato da Kware da Wurno. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Godiyarmu mafi girma ta dattawan majalisi ce. Sun yarda sun zauna bayan La'asar, an kunna musu rikoda, suka warware wa matasa asalin abin. Littafin dai ba a nan aka haife shi ba. Alfazazi, malamin Andalus, shi ya tsara shi a Ƙurɗuba shekara ta 604 bayan Hijira, ya rasu a 627. Kowane harafin Larabci ya ba shi baiti 20, haruffa 29, baiti 580 ke nan, kuma daga ashirin ɗin sunan ya fito. Daga baya Ibn Mahibi ya yi masa tahamisi, ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti ya zama ƙwar biyar. Wannan muke rerawa, ɗango 2,900. Abin da dattawa suka ji daga iyayensu shi ne almajiran garin nan da suka yi karatu a zaurukan Sakkwato su suka dawo da shi rubuce da hannu, suka riƙa koyar da shi da rani bayan an kau da amfanin gona. Sai dai takarda baitoci kawai ta ɗauko. Karin murya ba ya rubutuwa, daga baki yake zuwa kunne, shi ya sa rasuwar dattijo ɗaya ta fi ɓatan littafi goma yi mana ciwo.

Baƙi da yawa sun tambayi yadda ake rabon. Dare 12 ne. Bakwai na farko harafi biyu-biyu, 14. Biyar na ƙarshe uku-uku, 15. Mai ja yana tsakiya da littafi, mai gyara na damansa yana bin shi da nasa kwafin, 'yan amshi sun kewaye su. Ba ganga ba bandiri, murya ce zalla. Ba a barin mutum ɗaya ya ja fiye da harafi guda a jere. Wanda ya fara da murya sama-sama don ya burge jama'a, kafin baiti na goma ya dushe, 'yan amshi su rasa inda za su kama. Ana farawa ƙasa, a riƙa hawa a hankali. Ruwan sanyi kuwa abokin gabar mai ja ne, don haka muna gode wa samarin da suka tsare tukunyar shayi da citta da kanumfari har aka tashi.

An sami tangarɗa biyu, gara mu faɗe su. Dare na uku an ɗaure lasifika tana fuskantar bangon masallaci, sauti ya riƙa dawowa, na bayan sahu suna amsa abin da ya riga ya wuce. Da aka juya ta wajen fili aka rage ƙara sai amshi ya daidaita. Ta biyu ta fi muhimmanci. Tsofaffin kwafinmu da rubutun Magaribi suke, irin na allo: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Yaran da suka saba da bugun Gabas suna ganin ɗigo ɗaya a sama sai su karanta fa, ma'ana ta juye. Ba laifinsu ba ne, namu ne da ba mu zaunar da su tun watan Safar ba. Badi in Allah ya kai mu, ba mai hawa tabarmar ja sai ya biya harafinsa gaban mai gyara.

Iyayenmu mata, ba mu manta da ku ba. Ban da tuwo da fura da kuka ciyar da baƙi, a cikin gida kun rera waƙoƙin Hausa na ajami, har da Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar Hausa. Tsofaffinku sun ce karatun nasu daga jajojin 'Yan Taru ya gangaro, matan nan masu malfa da Nana ta riƙa turawa ƙauyuka kafin rasuwarta a 1864. Modibbo, mun gode da kika bari jikokinki suka naɗi muryarki.

Gidaje uku sun fito da gafakarsu aka ɗauki hoton takardun, mun gode ƙwarai. Takardun warwatse suke, ba ɗinki ba lambar shafi. Kalmar da marubuci ya ajiye a gindin shafi, wadda za ta buɗe na gaba, da ita ake jera su. Kada a sa musu gam ko salatif, kada a ajiye gafaka a ƙasa ko jikin bangon laka saboda gara da laima. A rataye ta.

Kwafi mafi tsufa ya rasa warƙa huɗu daga harafin mim. Duk gidan da ya ga irinsu cikin takardun kakanni, ya taimaka ya kai wa Liman bayan sallar Juma'a. Za a ɗauki hoto a gabansa, a mayar masa da abinsa nan take.