Katako ɗaya, kwanciya biyu

Duk zanen ginin da aka kawo min in duba, kafin in taɓa kwamfuta sai na ɗauki biro na lissafa bim ɗaya ko biyu da hannu, wato dogon katako, ƙarfe ko kankare da ake gittawa a kwance ya ɗauki nauyin gini. Ba gardama nake yi da manhaja ba. So nake in san lambar da nake jira kafin ta faɗa min tata.

Bim dai da zarar an ɗora masa kaya ya lanƙwashe ke nan, ko ido ya gani ko bai gani ba. Wanda ke zaune a kan ginshiƙai biyu, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma jan sa ake yi. A tsakiyar kaurinsa akwai layin da babu matsi babu ja. Iya nisan wuri daga wannan layi, iya wahalar da yake sha, shi ya sa fatar sama da ta ƙasa su ke shan jidalin.

Abu biyu ake nema. Na farko ƙarfin lanƙwasa, wanda muke rubutawa da M. Idan nauyi ya bazu daidai tun daga farkon bim har ƙarshensa, M = wL²/8, inda w yake nauyin kowace mita, L kuma tazarar da ke tsakanin ginshiƙan. Na biyu jikin bim ɗin kansa, wato girman kaurinsa, wanda muke rubutawa da Z: idan mai kusurwa huɗu ne, Z = bh²/6, b faɗi, h zurfi daga sama zuwa ƙasa. Ka raba M da Z, ka samu abin da kowace murabba'in milimita ta fatar ke ɗauka.

Ga katako mai milimita 50 da 200, tazara mita 4, kowace mita tana ɗauke da kiloniyuton 2, wajen kilo 200 ke nan. M ya zama 2 × 16 ÷ 8, wato kiloniyuton-mita 4, ko niyuton-milimita 4,000,000. Ka tsayar da shi a kan gefensa, zurfin ya zama 200: Z ya kai 333,333, amsa niyuton 12 a kowace murabba'in milimita. Yanzu kwantar da shi. Faɗi 200, zurfi 50, Z ya faɗo 83,333, amsa 48. Katakon bai canja ba, kayan ba su ƙaru ba, amma wahala ta ninku huɗu. Wannan ɗan 2 da ke saman h shi ya yi aikin. Don haka in mai gini ya ce min a rage zurfin bim don kada ya ɓata kyan silin, sai a ƙara faɗi a madadinsa, nakan nuna masa waɗannan lambobi biyu kawai.

Galileo, masanin kimiyya na Italiya, ya gano wannan magana ta zurfin bim tun 1638, sai dai ya ɗauka bim yana juyawa ne a kan gefensa na ƙasa, lissafinsa ya ba da bh²/2, ƙarfi ninki uku fiye da gaskiya. Sai a 1826 Navier, injiniyan Faransa, ya fitar da tsarin da muke bi yau.

Inda na fi tsayawa shi ne kankare. Yana jure matsi sosai, amma abin da yake iya ɗauka na ja wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai na wancan. Rodi ne ke ɗaukar jan, saboda haka wurinsa shi ne inda jan yake: ƙasa, a bim mai ginshiƙai biyu. Baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi a bakinta kuwa, al'amarin juyewa yake yi. Samanta ake ja, kuma mafi tsanani a daidai inda ta haɗu da gini. Na sha ganin rodi an ɗaure shi a sama yadda zane ya ce, ranar zuba kankare leburori su tattake shi da ƙafa da baro har ya kwanta a kan katakon ƙasa. Rodin yana ciki, adadinsa cif, amma yana inda ba a buƙatarsa.

Tazara ma ba ta da sauƙin kai. Ninka ta biyu da nauyi iri ɗaya a kowace mita, M ya ninku huɗu, lotsawar bim kuma ta ninku 16. Sau da yawa lotsawar ce ke hana ni amincewa da bim tun lissafin karyewa bai ce komai ba, domin tun kafin a kai ga karyewa filasta ta tsage, ƙofar da ke ƙasa ta ƙi rufuwa.