Rigar sanyin Abban yara

Tun ina budurwa nake saƙa. Hulunan jarirai, safa, 'yan rigunan suna, duk na yi su da kwarashi, har maƙwabta suna kawo mini aiki. Shi ya sa da na ƙudurta saƙa wa maigidana rigar sanyi, na ɗauka kafin hunturu ya kankama na gama. Hunturun ya zo ya wuce, wani ya sake zagayowa, sannan rigar ta hau jikinsa.

A Jos muke zaune, garin da ke kan tudu kimanin mita 1,200, kuma duk wanda ya kwana a nan cikin Disamba ko Janairu ya san sanyin asuba ba abin wasa ba ne. Shi kuwa yana fitowa daga masallaci sai ya hau babur ya nufi kasuwar Farin Gada, inda ake sauke tumatir da kabeji tun gari bai waye ba. Yana da rigunan gwanjo, amma wata hannunta ya gaza, wata wuyanta ya saki, iska tana shiga ƙirjinsa. Tarin da yake dawowa da shi ne ya hana ni sukuni.

Gwaggo ce ta ce in ajiye kwarashi in ɗauki kibiya, wato dogayen alluran nan biyu na saƙa. Saƙar kwarashi tana cin zare, tana kuma yin kauri da tauri, ta kibiya kuwa ta fi laushi da miƙewa, ita ce daidai da magidancin da zai sa ta a ƙarƙashin kaftani. Kafin in fara, ta sa na saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, na wanke shi, na ƙirga idanun saƙar. Ido 20 na samu a santimita 10. Faɗin bayan rigar santimita 55 ne, wato ido 110 a kowane layi, tsawonta kuma yana neman layi 180. Bayan rigar kaɗai ya doshi ido 20,000, ba a zo ga gaba da hannuwa ba. Wadda ta saba da kayan jarirai, a nan take gane aikin ya sha bamban.

Bayan rigar nan shi ya fi gajiyar da ni. Babu ado, babu sauyin launi, layi ne kan layi, ki saƙa dare guda ki auna ki ga kamar ba ki taɓa ba. Da zafin Maris ya shigo, zaren ya riƙa manne wa tafin hannuna, dole na naɗe aikin na ajiye. Sai da damina ta yi nisa na ɗauko shi, ashe riƙon hannuna ya canza, sabuwar saƙar ta fi tsohuwar matsewa, har ana ganin iyakarsu. Na warware abin da ya kai taƙi guda, zuciyata tana ƙuna.

Sai kuma zare ya ƙare ina tsakiyar gaban rigar. Na koma shago na samu launin, ruwan toka mai duhu, amma ba rini ɗaya ba ne. A ɗaki ba ka bambancewa, a rana kuwa kowa zai gani. Kowane ƙullin zare yana ɗauke da lambar rininsa a jikin takardarsa, kuma wadda za ta saƙa wa babban mutum ta sayi nata gaba ɗaya mai lamba guda, gara ya yi saura. Gwaggo ta nuna mini dabara: layi biyu da ragowar tsohon, layi biyu da sabon, har launin ya saje.

Da farko ɓoye masa nake yi, ina auna tsohuwar rigarsa, don ina son in ba shi mamaki. A hannun riga wannan buri ya rushe, kuma ban yi nadama ba. Riga a shimfiɗe ba ta gaya maka yadda mutum yake miƙa hannu kan babur.

"Abban yara, miƙo hannunka in gwada," na ce masa wani dare.

Ya zura, ya yi shiru yana shafa saƙar. Can ya yi ƙoƙarin naɗe ta sama, ta cije a damtse... a'a, ko gwiwar hannu ba ta kai ba.

"Uwargida, Allah ya yi miki albarka. Amma ki tuna da ita zan riƙa alwala."

Wannan magana ta fi mini duk awon da na yi. Bakin hannu dole ya kama wuyan hannu saboda iska, dole kuma ya buɗe ya haura gwiwa sau biyar a rana. Na sake fara shi da kibiya mai kauri don bakin ya saki, sannan na koma siririya na yi masa saƙa mai roba. Haka na yi wa wuya, na rufe shi sakwa-sakwa don kai ya wuce.

Zaren na akirilik ne, wato na roba, ba gashin tunkiya ba, don haka ba na kusantar da shi ga dutsen guga. Da ruwan sanyi nake wankewa, in shimfiɗa a tabarma cikin inuwa, domin rataya a igiya tana ja wa rigar tsawo. Bayan ya sa ta mako guda ya ce iska tana samun maƙogwaronsa idan babur ya yi gudu. Na ɗebo idanu a kewayen wuyan, na ƙara masa santimita 8 da yake ninkewa, da ragowar zaren nan na biyu.