Saiwar Kava da Abin da Injin Awo Bai Faɗa Mini Ba

Ranar da na fara hawa saman benen babbar kasuwar Suva, a ƙasar Fiji, sai na tarar da saiwoyi ɗauri-ɗauri jere a kan tebura, kamar layin masu magani a Kasuwar Kurmi. Busassu ne, masu ruwan toka, suna ƙamshin ƙasa da ɗan yaji-yaji. Wannan ita ce kava, saiwar da ake dakawa a dama da ruwa a sha, wadda mutanen Fiji ke ce wa yangona, kuma a kanta na je yin binciken digirina na biyu a fannin sinadaran tsirrai.

Dangin masoro ce, sunanta na kimiyya Piper methysticum. Ba ta yin 'ya'yan da za a shuka, sai dai a sari karanta a dasa kamar rogo. Don haka duk irin da ke gonar manomi a yau, wani daga cikin kakanninsa ne ya ɗanɗana, ya yaba, ya dasa, ya bar wa na baya. Binciken masanin tsirrai Vincent Lebot ya nuna cewa a arewacin Vanuatu, ƙasar tsibirai da ke yamma da Fiji, aka fara noma ta, shekara wajen 3,000 da suka wuce. Vanuatu na da iri kusan 80, Fiji kuwa 13. Na haddace waɗannan alƙaluma tun kafin in taka ƙasar, amma ban gane nauyinsu ba sai daga baya.

Aikina shi ne in niƙa saiwa, in jiƙa garin a wani ruwan sinadari mai suna asiton, in zuba a injin da ke rarrabe abin da ke ciki. Manyan sinadaran da ke ba kava ƙarfinta shida ne, ana kiran su kavalakton. Sai na haɗa jimillarsu a kowane samfuri, na jera daga mai yawa zuwa mai kaɗan, ina ganin na gano wadda ta fi kyau. Akwai wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwajin, mutumin tsibirin Pentecost na Vanuatu. Ya duba takardata, sannan ya ɗauki kwalbar samfurin da na sa a gaba ya ɗaga ta saitin taga. Ruwan asiton ɗin da ke ciki ya rine, ya yi ruwan goro mai duhu, alhali na sauran rawaya ne garau.

Ya ce, "Ɗana, wannan da ka ba na ɗaya, a garinmu ba a ba baƙo ita."

Na ce, "Baba, ai ita ta fi ƙarfi."

Ya ce, "Ta fi ƙarfi, gaskiya ne. Wanda ya sha ta yau, gobe ba zai je gona ba."

Sunanta tudei, wato mai kwana biyu, a harshen Bislama na mutanen Vanuatu. Sirrin yana cikin jerin sinadaran, wanne ya rinjayi wanne. An ba kowanne lamba daga 1 zuwa 6, ana rubuta su bisa yawansu a cikin saiwar. Kavain shi ne 4, yana saurin kama jiki, ya kwantar da hankali, ya saki mutum da wuri. Dihaidirometistisin shi ne 5, yana daɗewa a jiki, yana kawo tashin zuciya da nauyin kai. Irin da ake kira masu daraja, kamar Borogu da Melomelo, lambarsu kan fara da 42 ko 24. Irin tudei, kamar Palisi da Isa, sukan fara da 25 ko 52. Duk waɗannan alƙaluma suna cikin sakamakon da injin ya ba ni, ni ne na dunƙule su na mai da su lamba guda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, manoman da ba su taɓa ganin wannan inji ba sun riga sun ware irin nan daidai yadda lambobin suka ware su, da harshensu da jikinsu kawai. Sun san ta sha kullum, sun san ta magani, sun san ta daji da ba a kusanta.

To me ya sa ake noman tudei? Tana saurin girma, tana ba da saiwa mai yawa, tana jure cuta. Mai neman kuɗi da gaggawa ba zai ƙi ta ba. Shi ya sa Vanuatu ta yi dokar kava a 2002, wadda ta taƙaita fitarwa waje ga iri masu daraja, ta kuma ce sai shuka ta kai shekara 5 kafin a tone ta don fitarwa.

Ko a tushe ɗaya ma ƙarfin ba ɗaya ba ne. Siraran saiwoyin da ke bazuwa a ƙasa, waka a bakin mutanen Fiji, sun fi ƙarfi da ɗaci da tsada. Kututturen, wato lewena, ya fi sauƙi. Kara da ganye da ɓawo kuwa ba na sha ba ne, akwai wani sinadari mai cutarwa a cikinsu. Da zarar an daka, gari gari ne, ido ba zai raba ba. Bayan guguwar Winston ta watan Fabrairun 2016, wadda ta ɓarnatar da gonaki a Fiji, kava ta yi tsada ƙwarai, kuma kowa ya san abin da tsada ke jawowa a harkar gari. Tun daga nan na daina karɓar samfurin da ban ga saiwarsa da idona ba.

Sai kuma hannun mai haɗawa. Waɗannan sinadarai ba sa narkewa sosai a ruwa, sai an murje su sun fito sun gauraya, kamar yadda ake dama fura. A Fiji busar da saiwar ake yi, a daka a turmin ƙarfe, a ƙulle garin a ƙyalle, a yi ta matsawa cikin babban akushin katako mai suna tanoa, a sha da ƙoƙon kwakwa. A Vanuatu ɗanya ake niƙawa, ruwa kaɗan, don haka ƙoƙo ɗaya a Port Vila, babban birnin Vanuatu, ya fi ƙoƙo da yawa a Suva ƙarfi. A tsibirin Pohnpei na ƙasar Micronesia kan faffaɗan dutse ake dakawa, a tace da ɓawon wani itace ɗan dangin rama, sai ta fito da yauƙi. Na gwada gari ɗaya da matsa ta minti biyu da ta minti goma, abin da ya fito a ruwan ya sha bamban.

Wannan ne ya sa nake jin zafin abin da ya faru a 2002, lokacin da Jamus ta hana sayar da magungunan kava saboda rahotannin ciwon hanta, wasu ƙasashe suka bi sahu. Abin da ake sayarwa a Turai ƙwayoyi ne da aka tatso da asiton ko etanol, kuma har yau ana muhawara kan irin da ɓangaren shukar da suka shiga cikinsu. Kotu a Jamus ta soke hanin a 2014, amma manoman tsibirai sun riga sun tafka asara. Ba ina wanke kava ba ne. Na ga masu yawan sha da fatarsu ta bushe tana saɓa, abin da ake kira kanikani, na ga waɗanda ta kashe wa jiki har aiki ya gagara. Babu barasa a cikinta, hukuncinta kuma na malamai ne. Ni dai iyakata ɗanɗano na aiki, wanda ke sa harshe ya yi nauyi kamar an shafa masa maganin likitan haƙori. Amma na ga darajarta a wurinsu ranar da muka shiga wani ƙauye a tsibirin Kadavu na Fiji: ba mu taka gona ba sai da muka miƙa wa sarkin garin ɗaurin waka, kamar yadda mu ba ma zuwa neman aure ba goro.

Da na dawo gida na koma kan tsirranmu, sabara da marke. Makon jiya wani tsoho mai magani ya kawo mini sassaƙen marke a ƙulli. Kafin in kai shi kan sikeli na shimfiɗa masa tabarma, na ɗauko littafi, na tambaye shi daga wane gefen itacen ya sassaƙo, da rani ko da damina, kuma jiƙawa yake yi ko dafawa. Ya dube ni jim, ya gyara zama, ya ce, "To ɗan nan, sai ka ƙaro takarda."