Abin da fataucin albasa ya koya mini kan dokar ECOWAS

Albasar Galmi ta ƙasar Nijar nake saya. Ana loda mini ita a tirela, ta biyo ta Birnin Ƙonni, ta tsallako Illela, daga nan sai Sakkwato da kudu. Tun ina yaron mota nake jin manya suna cewa kayan gona ba su da haraji tsakanin ƙasashen ECOWAS, kuma gaskiya ne: tsarin ECOWAS na cire harajin kaya da ake kira ETLS ya fara da amfanin gona da kayan sana'ar hannu tun 1979, aka ƙara kayan masana'antu a 1990. Sai dai babu wanda ya gaya mini cewa wannan doka tana da ƙofofin da ta bar wa kowace gwamnati a buɗe.

Wani lauya ɗan ƙungiyarmu ne ya karanta mana su, ya fassara. Yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993, sashe na 41, ta ba ƙasa damar hana kaya shiga ko fita saboda tsaro, makamai, lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai, tarbiyyar jama'a, zinariya da azurfa, kayan tarihi, da miyagun ƙwayoyi. Amma da sharaɗi: ta sanar da sauran ƙasashe tukuna, kuma kada ta yi amfani da damar ta yadda za ta kashe zirga-zirgar kayan baki ɗaya.

Na lafiya ba ni da ja a kansa. Duk wanda ya ga yadda murar tsuntsaye ta share gidajen kaji a 2006 ba zai zagi jami'in da ya tsayar da motar kaji ba. Ni ma ba na tashi sai da takardar lafiyar tsirrai a aljihuna. Idan mai duba kaya ya ce a farke buhu, ni nake miƙa masa wuƙa. Ya danna wuyan albasa da babban yatsa, ya sunsuna, ya sa hannu, na wuce.

Wanda ya ci mini rai shi ne na Agustan 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An ce saboda shinkafar waje da ake shigowa da ita ta Benin da Nijar, da makamai, da man fetur da ake fitarwa. Duk akwai su, mu da muke kan hanya mun fi kowa sani. To amma me ya haɗa albasar Galmi da shinkafar Tailan? Motata tana tsallake, ga rana, ga damina. Albasa ba ta jira. Ta ƙasa ta fara jiƙewa, baƙin ruwa yana ɗiga ta gefen bodi, ta sama kuma ta tsiro kore shar ta huda buhu. Direba ya kira ni ya ce, "Alhaji, ƙuda ya hana mu barci, a yi wani abu." Na sayar da abin da ya rage a Ƙonni, kuɗin ko na mota bai kai ba. Masu shinkafar kuwa, da babura da raƙuma, ba su fasa bin ɓarauniyar hanya ba. Sai Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme. Jibiya sai 2022.

Wannan shi ne abin da sharaɗin nan ya hana, a ganina. Dokar ta ce ka tare abu mai cutarwa, ba ta ce ka tare kowa ba.

Tun daga nan na canza yadda nake yi. Ba na zuba jarina duka a tsallake. Rabi nakan saya a Aliero ko Goronyo. Idan aka tsayar da ni, cikin ladabi nake tambaya: ranka ya daɗe, wane dalili ne, lafiya ko tsaro, kuma ina takardar sanarwa? Na lafiya ana warware shi da takarda. Na tsaro kuwa, juya mota ya fi jira.

Yanzu ma lissafin ya sake. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, don haka kafin na biya kuɗin lodi sai na kira dillalina a Ƙonni na ji yadda ƙofa ta kwana.