Amsar tambayar Baffa game da zamana a Santambul

Kwana goma ke nan da saukata Gombe hutu, bayan na shekara uku ban taka ƙasar gida ba, kuma duk majalisar da na zauna, daga ƙofar gidanmu a Jekadafari har shagon wani abokina a Tashan Dukku, hirar ba ta wuce ta Turkiyya. Matasa suna son su ji yadda ake samun gurbin karatu, 'yan kasuwa kuma suna tambayar farashin dogayen riguna da takalma a unguwar Laleli, inda fatakenmu suke saro kaya. Baffana ne kaɗai ya yi mini tambayar da ta sa na yi shiru. Bayan mun idar da sallar Magariba ya dube ni ya ce, "To, kana da maƙwabta kuwa a can?" Na ce masa e, muka shiga wani zancen, amma amsar ta fi haka tsawo, shi ya sa na zauna in rubuta ta.

Birnin da kakanninmu suke kira Santambul, wanda yau ake ce wa Istanbul, yana ɗauke da mutane fiye da miliyan 15, kuma mashigin ruwan Bosforus, mai tsawon kusan kilomita 30, ya raba shi gida biyu: ɓangare ɗaya a nahiyar Turai, ɗayan a Asiya. Ni a Uskudar nake zaune, a gefen Asiya, jami'armu kuwa tana tsallaken ruwa, don haka kullum sai na kwana a wata nahiya na yi wuni a wata. Akwai jirgin ƙasa na Marmaray, wanda aka buɗe a 2013, da yake bi ta ƙarƙashin teku ya kai mutum tsallake cikin 'yan mintuna, kuma da kati ɗaya ake biyan kuɗinsa da na bas da na jirgin ruwa. Duk da haka, idan ban makara ba, jirgin ruwa nake hawa zuwa Eminonu, a gefen Turai. Tafiyar ba ta fi ta minti ashirin ba, mutum yana riƙe da ɗan ƙaramin kofin shayi baƙi wanda ba madara, yana gutsurar wani burodi mai kama da gammo da aka barbaɗe da riɗi, wanda suke kira simit, tsuntsayen teku suna bin jirgin suna cafe duk gutsuren da aka jefa musu. Ga wanda babban ruwan da ya sani a duniya shi ne madatsar Dadin Kowa, wannan abin kallo ne da bai gundure ni ba har yau.

Watannin farko dai ba su yi daɗi ba. Sanyin bai dame ni kamar yadda shirun ya dame ni ba, domin na taso a inda ba ka isa ka wuce mutum a zaune ba ka tambaye shi gajiya da iyali da kwanan gida ba, sai ga ni a bene mai hawa biyar ina gilma mutane a matakala kamar kurma. Na ɗauka girman kai ne da su, ashe laifin bakina ne da bai iya komai ba. Da muka yi nisa a ajin koyon Turkanci na fara jin kalmomin da kunnena ya sani, saboda mu da su duk mun sha daga Larabci: alƙalami kalem ne, sa'a saat, sabulu sabun, duniya dunya, labari haber, Juma'a kuma juma. Amma ranar da na ji kamar an buɗe mini ƙofa ita ce ranar da malamarmu ta koya mana "kolay gelsin", ta ce ana faɗa wa duk wanda aka tarar yana aiki, kuma ta sha wahalar bayyana wa ɗaliban wasu ƙasashe amfaninta. Ni kuwa dariya ta kama ni, domin ai wannan "sannu da aiki" ce tsagwaronta. Haka suna da "gecmish olsun" ga marar lafiya ko wanda tsautsayi ya faɗa wa, daidai da "Allah ya sawwaƙe" tamu, kuma ba sa kiran babba da gatsau: dattijo amja ne, wato baffa, dattijuwa teyze, wato inna, wanda ya ɗan girme ka kuma abi, wato yaya.

Washegari na gwada "kolay gelsin" a kan tsohon da yake share ƙofar shagonsa a ƙasan benenmu, wanda na yi wata huɗu ina wucewa. Ya ɗago ya dube ni, ya jingine tsintsiya, ya jawo kujera ya aika a kawo shayi. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Nijeriya, ya ce Nijar, na gyara masa, bai gyaru ba har yanzu.

Wuraren yawon buɗe ido na je su kamar kowa. Na yi salla a Aya Sofiya, wadda aka kammala a matsayin coci a shekarar 537, ta zama masallaci bayan Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, sannan aka dawo da salla cikinta a 2020. Na ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida da ke fuskantarta. Suna da kyau ƙwarai, sai dai cunkoson masu ɗaukar hoto ba ya barin zuciya ta natsu. Inda nake komawa duk sanda kewar gida ta taso shi ne unguwar Ayub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a gidansa da ya yi hijira zuwa Madina. Ya rasu yana tsoho tukuf a cikin rundunar Musulmi da ta zo yaƙin wannan birni a zamanin Mu'awiya, aka binne shi kusa da ganuwa. Tun ina makarantar Islamiyya a Bolari na san sunansa, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zan riƙa hawa bas in je unguwarsa sallar Asuba ba.

A shekara ta biyu maiɗakina ta iso, da jaka guda cike da kuka da daddawa da yajin da Inna ta daka, domin kuɓewa kam akwai ta a kasuwar da take ci mako-mako a unguwarmu, amma daddawa sai dai a mafarki. Na kammala digiri na biyu a bara, na shiga na uku, kuma na yi murna yadda ya kamata. Sai dai idan ana maganar abin da ya fi girma a waɗannan shekaru, haihuwar 'yarmu ce a tsakiyar hunturu.

Duk wanda ya san yadda ake jego a gidajenmu zai gane irin fargabar da na shiga. Babu Inna, babu Goggo, babu mai dafa ruwan wanka, babu mai dama kunun kanwa, sai ni da wayar hannu, surukata tana ba ni umarni daga Pantami ina bi ɗaya bayan ɗaya. Kwana ɗaya da dawowarmu daga asibiti aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga dattijuwar hawa na uku, wadda muke kira teyze, da tukunyar miya a hannu ɗaya da tulun wani jan abin sha mai ƙamshin kirfa da kanumfari a ɗayan, irin wanda suke dafa wa maijego da masu zuwa barka. Ba ta nemi izini ba, ta wuce ni ta karɓi jaririyar, ta yi mini faɗa cewa ɗakin bai yi ɗumi ba, kuma ta ci gaba da zuwa kullum har aka yi arba'in. Ta kawo wani shuɗin dutsen ado da suke maƙala wa jarirai don maganin kambun baka. Muka yi godiya muka ajiye shi a aljihun tebur, ita ma da ta lura ba mu sa ba, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar suna aka raba hidima gida biyu. Turkiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, don haka mu ma mun riga mun tashi lokacin da jama'a suka taru a ƙofar gidanmu a Jekadafari bayan sallar Asuba. Ƙanena ya ɗaga waya sama, na ga ragon da Baffa ya saya, na ga ana raba goro da dabino, na ji liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha muka shafa tare da su daga kan kujerar falo. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke kiranta Ummi. Da hantsi abokaina ɗalibai daga Kano da Damagaram da Kumasi suka zo muka ci shinkafa, sai ga tsohon nan mai shago ya hawo bene biyar yana haki, ya ciro ɗan ƙaramin tsabar zinariya ya maƙala a zanin goyon yarinyar, kamar yadda suke yi wa 'ya'yan dangi.

Jiya da daddare na ba Baffa wannan labari daga farko har ƙarshe, yana jan carbi bai katse ni ba. Da safe ya aiko jikansa da ƙullin dabino da kwalbar zuma da hula zanna ɗaya sabuwa, ya ce zumar ta dattijuwar ce, hular kuma in kai wa mai shago, in ce masa baffan yaron nan na Nijar yana gaishe shi.